Ɗaukar hoton taurari da salula a Tawa

Da farko, zaɓi daren da babu farin wata. Ni na fi son farkon Nuwamba: damina ta wanke sama, hazon hunturu bai yi ƙarfi ba tukuna. Ka fita bayan gari, nesa da fitilu.

Sai ka kafa salular a kan dutse, kada ta motsa ko kaɗan. Shiga tsarin Pro na kyamarar, inda kake saita komai da kanka, sa ISO (ƙarfin kama haske) 1600, lokacin buɗe idon kyamara daƙiƙa 15. In ka zarce sosai, taurarin za su ja wutsiya don duniya na juyawa. Saita gani can nesa, kunna jinkirin ɗauka na daƙiƙa 2, ka nufi gabas inda Kaza da 'Ya'yanta ke fitowa.

Ɗauki hoto 20 ba tare da ka gusa ba. A kwamfuta, manhajar Sequator za ta haɗa su ta rage tsakin hoton. Sannan ƙara haske kaɗan.