Yadda za ka bi diddigin rayuwar Edward Gibbon Wakefield

Fara da tantance wane Wakefield kake nema, domin nan ne masu bincike suka fi tuntuɓe. Edward Gibbon, wanda aka haifa a Landan a 1796 ya rasu a Wellington a 1862, shi ne mai tsara manufar zaunar da Turawan Birtaniya a Ostareliya da Niyu Zilan. William ƙanensa ne ya jagoranci tawagar kamfanin New Zealand Company a jirgin ruwa mai suna Tory zuwa Niyu Zilan a 1839 don sayen ƙasa. Arthur, wani ƙanen, shi aka kashe a rikicin Wairau a 1843. Edward Jerningham kuwa ɗan Edward Gibbon ne. Tsofaffin jaridu sukan rubuta sunan gidan kawai, saboda haka duba shekara da wuri kafin ka jingina wa mutum magana.

Kada ka ɓata lokaci a kundin muhawarar majalisar Birtaniya, Edward Gibbon bai taɓa zama ɗan majalisa a can ba. Ya sami kujerar Beauharnois a Kanada a 1842, sannan ta Hutt a Niyu Zilan a 1853. Abin da ya rufe masa ƙofa a gida shi ne sace wata yarinya 'yar shekara 15 mai gadon dukiya a 1826, wanda ya jawo masa ɗaurin shekara uku a kurkukun Newgate.

A cikin kurkukun ya rubuta littafin A Letter from Sydney a 1829, alhali bai taɓa taka birnin Sydney na Ostareliya ba. Kada ka ɗauke shi shaidar gani da ido. Karanta shi don gane dabararsa: a daina rabon filaye kyauta, a sayar da su da tsada yadda lebura ba zai mallaki gona da wuri ba, kuɗin kuma a yi jigilar sababbin leburori da shi. A kan wannan aka kafa Ostareliya ta Kudu a 1836.

Takardun kamfaninsa na Niyu Zilan suna rumbun tarihin Birtaniya da ke Kew a Landan, ƙarƙashin lamba CO 208. Jaridun zamanin kuma suna kyauta a shafukan Papers Past da Trove. Amma fa kamfanin ya sayar wa mutane filaye a Landan tun kafin ya mallake su, takardunsa kuwa bakin mai talla ne. Duk cinikin ƙasa da ka gani a ciki, auna shi da rahotannin kotun Waitangi mai sauraron koken Maori, 'yan asalin Niyu Zilan, inda masu ƙasar suka bayyana waɗanda suka sa hannu da waɗanda ba a ko tuntuɓa ba.