Yadda za ka gane wa ke magana in an ce "shugaban sojin NATO ya ce"

Kafin ka tura labari a guruf cewa ƙungiyar ƙawancen tsaro ta NATO za ta shiga yaƙi don wani mai kaki ya yi magana, dan Allah fara duba muƙaminsa, saboda manya uku ne a ƙungiyar nan kuma sau da yawa sai a haɗa su duka a ce musu shugaba.

In ka ga mutumin da kwat ne ba kaki ba, to Sakatare Janar ne, Mark Rutte tsohon firaministan Holan da ya karɓi kujerar a Oktoban 2024. Wannan mai sauƙi ne.

Inda ake ruɗewa shi ne in an ga Admiral, wato babban muƙamin sojan ruwa, a gaban suna. Tun Janairun 2025 Admiral Giuseppe Cavo Dragone ɗan Italiya ne shugaban kwamitin soja na NATO, matuƙin jirgin sama ne na sojan ruwa wanda har ya riƙe hafsan hafsoshin ƙasarsa, kuma wanda ya gabace shi a kujerar ma sojan ruwa ne, Admiral Rob Bauer na Holan. To shi mai wannan kujera babba ne ƙwarai amma fa ba ya da bataliya ko ɗaya a hannunsa, hafsoshin ƙasashe 32 ne ke zaɓensa cikin waɗanda suka taɓa riƙe sojojin ƙasarsu, yawanci na shekara 3, aikinsa ya tattara ra'ayinsu ya kai wa 'yan siyasa a hedikwatar Brussels a matsayin shawara, in sun yanke hukunci ya dawo da shi wajen kwamandoji. Don haka in ka ji maganarsa ka ɗauke ta a matsayin gargaɗi ko shawara. A Janairun 2024 Bauer ya ce mutanen Turai su tanadi ruwa da tocila da rediyo mai batir, nan take aka yi ta yaɗawa kamar gobe za a fara yaƙi da Rasha, alhali kira ne na shiri kawai.

Mai ba da oda a fagen daga daban ne, kwamandan dakarun ƙawance a Turai, ofishinsa na kusa da garin Mons a Beljiyam, kuma tun daga na farkonsu, Janar Eisenhower, kullum Ba'amurke ne. Shi ma yana iya zama sojan ruwa, James Stavridis ne Admiral na farko da ya riƙe, daga 2009 zuwa 2013. Saboda haka kalmar Admiral kaɗai ba ta isa ba, duba ƙasarsa, in Ba'amurke ne to da wuya ya zama shugaban kwamitin.

Sai ka tambayi kanka, ƙasashen sun zauna sun amince kuwa? A NATO ba a ƙuri'a, sai kowa ya yarda ko aƙalla bai ja ba, ƙasa ɗaya in ta cije maganar ta tsaya. Ko sashe na 5 na yarjejeniyar ƙungiyar da ake yawan ambato, wanda ya ce taɓa ɗaya taɓa duka ne, sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumban 2001.

Ni abin da ya sa na damu da wannan shi ne Libiya. A 2011 lokacin da jiragen NATO ke luguden wuta, kujerun soja biyun nan duk Admiral ne a kai, Stavridis da Giampaolo Di Paola na Italiya, amma ba su ne suka yanke a shiga ba, gwamnatoci ne bayan ƙuduri mai lamba 1973 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Makaman da suka fantsamo Mali da Nijar bayan faɗuwar Gaddafi har yau muna ɗanɗana kuɗarsu, kuma in za a yi tuhuma to fadojin shugabannin ƙasashen da suka sa hannu ya kamata a fara dosa.