Yadda Ake Gano Matattarar Kifi a Tafkin Dadin Kowa

Wanda ya tsaya a bakin tafkin Dadin Kowa, a ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba ta jihar Gombe, zai ga ruwa shimfiɗe iya ganin idonsa, har ya ɗauka duk inda ya jefa fatsa zai dace. Amma kifi a wurare ƙalilan yake taruwa, kuma ana gano su ne idan aka tuna cewa kafin a kammala madatsar a 1984, wurin nan kogin Gongola ne da fadamu da gonaki da tuddai, waɗanda har yanzu suna kwance a ƙarƙashin ruwan.

Aikin farko shi ne neman tsohuwar hanyar kogin. Mutum ya ɗaura dutse a igiya, ya yi mata ƙulli a kowace gaba guda, sannan ya tuƙa kwale-kwale daga baki zuwa tsakiya yana sakin dutsen lokaci-lokaci. Inda zurfi ya tashi daga gaba biyu zuwa biyar a ɗan taƙaitaccen wuri, to an zo kan tsohuwar gaɓa, kuma a irin wannan gangare ragon ruwa da giwan ruwa suke fakon ƙananan kifaye. Da zarar an samu, sai a riƙe shaida a tudu, kamar wata bishiya da ta yi daidai da wani tsauni a bayanta, sannan a ƙara wata shaidar ta wani ɓangare, domin shaida ɗaya layi kawai take nunawa, biyu ne suke tsayar da wuri.

A ganina, babu lokacin da ya kai bazara amfani ga mai son sanin tafkin, ko da kamun bai taka kara ya karya ba. A watannin Afrilu da Mayu ruwa yana ja da baya sosai, kututture da duwatsu da kwazazzabai su fito fili, kuma duk wanda ya zaga da ƙafa ya haddace su, ya san inda kifi zai laɓe idan ruwa ya dawo. Kututture suna cin raga, gaskiya ne, amma mai ƙugiya ba shi da aboki kamarsu.

Da damina kuwa, a bar tsakiya a koma bakin rafuffukan da suke zubowa cikin tafkin, musamman inda jan ruwa yake haɗuwa da mai haske, da kuma ciyayin da ruwa ya shanye, domin nan tarwaɗa da karfasa suke hawa neman abinci da wurin ƙwai. Da hunturu iska tana tasowa daga arewa maso gabas, tana tura ƙwari da sauran abincin kifi zuwa gaɓar da take bugawa, saboda haka gaɓar da igiyar ruwa take duka takan fi ta kwance albarka. Lokacin zafi, asuba da yamma ne lokutan kamu, kuma kada a kai koto can ƙasan rami mai zurfi, domin ruwan wurin yakan rasa iskar da kifi yake shaƙa.

Ido ma yana aiki. Zalɓe ba ya tsayuwa a banza, ƙananan kifaye ba sa tsalle a warwatse sai wani babba yana korarsu, ramuka masu kama da kwano a cikin yashi kuwa sheƙar karfasa ce. Idan wuri ya kwanta wa mutum a rai, ya riƙa zuba dusa a lokaci guda har kwana uku, kafin ya gwada shi da tana ko gara.

Baƙo ya fara gaisawa da sarkin ruwa na yankin, shi ne zai gaya masa inda masunta suka kafa ragarsu da kuma inda dorinar ruwa take kwana, domin akwai ta a tafkin. A nisanci bangon madatsar da wurin injinan lantarki, kuma da an ga hadari ya haɗu a gabas, a naɗe igiya a nufi tudu tun iska ba ta taso ba.