Idan Ka Yi Ɓarna a Gidan Mutane a Ingila

Ɗan'uwa mai sana'ar hannu da ka sauka Ingila kwanan nan, ko fulamba ne kai ko kafinta ko mai fenti, ka fara neman inshora tun kafin ka karɓi aikin farko. Wadda ake nufi ita ce mai biyan ɓarnar da ka jawo wa dukiyar wani ko lafiyarsa, Turawa na ce mata fablik layabiliti. Doka ba ta tilasta ta ba, amma 'yan kwangila da yawa ba za su bar ka ka taka wurin aiki babu ita ba. Ana sayen wadda za ta biya diyya har fam miliyan 1, 2 ko 5. Wanda kuma ya ɗauki yaron aiki, inshorar ma'aikata wajibi ce a kansa, aƙalla ta fam miliyan 5, kuma tarar rashinta tana kaiwa fam 2,500 a kowace rana.

Ginin cikin gidajen nan ba irin namu ba ne. Bututun ruwa a cikin bango yake, daɓen bene katako ne. Ka huda bango don kafa kanta, ka sami bututu, kafin ka ankara ruwa ya zubo ta silin maƙwabcin ƙasa. Saboda haka da shigarka gida ka tambayi inda makullin ruwa yake. Yawanci yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin.

Abin da ya fi damuna shi ne halinmu na gida. Da an yi ɓarna sai mu ce, “Wallahi laifina ne, ko nawa ne zan biya,” a yi sulhu a tashi. A nan wannan alkawarin yana iya sa kamfanin inshora ya janye hannunsa, domin sharaɗinsu ne kada ka amsa laifi ko ka sasanta ba da saninsu ba. Ba da haƙuri dai, dokar diyya ta 2006 ta ce ban haƙuri ba amsa laifi ba ne. Sannan ka tsayar da ruwan, ka ɗauki hotuna, ka rubuta lokaci, ka kira kamfanin a ranar.

Karanta takardar inshorar da kyau. Akwai kason da kai za ka fara biya daga aljihunka. Galibi ba sa biyan gyaran aikin da ka yi ba daidai ba, sai ɓarnar da ya jawo. Aikin wuta, kamar liƙin bututu da goran gas, yana da sharuɗɗansa daban.

In masu inshorar sun hana ka haƙƙinka, ka rubuta musu koke. Bayan mako 8 babu gamsasshiyar amsa, kai ƙara Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin mutane da kamfanonin kuɗi irin na inshora, kyauta ne.