Shawara ga mai neman sauti garau daga fikof na wuyan jita

Assalamu alaikum 'yan uwa makaɗa na Jos. Da yawa daga cikinmu suna kukan cewa fikof ɗin da ke kusa da wuyan jitar lantarki, wato na'urar da ke ɗauko sautin tsirkiya, yana fitar da sauti a dushe, musamman idan ganguna da fiyano suka taru a wurin biki ko coci. Dalilin shi ne tsirkiya ta fi kaɗawa da faɗi a wannan wuri, saboda haka sauti mai kauri yake rinjayar siririn.

Idan za ku sayi sabo, ku nemi wanda naɗin wayarsa bai yi yawa ba, wato mai ohm (ma'aunin juriyar waya ga lantarki) 7,000 zuwa 8,000, domin yawan naɗi yana ƙara ƙarfi amma yana danne tsinin sauti. Maganaɗisun cikin fikof nau'in Alnico 5 ya fi nau'in Alnico 2 fitar da sauti garau, kuma a ganina fikof ɗin Jazz na kamfanin Seymour Duncan, mai lamba SH-2, ya cika waɗannan sharuɗɗan sosai.

Sai dai ina roƙonku kada ku yi gaggawar kashe kuɗi. Ku fara sa mai gyara ya duba maɓallin ƙara murya, domin idan na 250k ne (wato ohm 250,000), mayar da shi na 500k kaɗai yana iya buɗe sautin. Sannan ku sassauta sukurorin gefe, fikof ɗin ya ɗan yi nesa da tsirkiya, musamman ɓangaren masu kauri. Ƙurar hunturu da gumin hannu ma suna kashe tsirkiya da wuri, don haka ku sa sababbi kafin ku yanke hukunci.