Yadda Za Ka Kare Haƙƙinka Idan Masu Karɓar Bashi Suka Taso Ka a Amurka

Idan kamfanin karɓar bashi ya kira ka, kada ka yi gaggawar amsa cewa ana bin ka, kuma kada ka biya ko sisi kafin ka ga takarda. Dokar tarayya ta 1977 ta wajabta masa ya aiko maka da bayanin bashin cikin kwana 5 daga ranar da ya fara tuntuɓarka, kuma kana da kwana 30 na musantawa a rubuce, wanda hakan ke tilasta masa dakatawa har sai ya kawo hujja. Haramun ne ya kira ka kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, balle ya zage ka ko ya tsorata ka da ƙarya.

Abin da na fi jin tsoro shi ne tsohon bashi, domin a wasu jihohi biyan ɗan kaɗan yana sabunta wa'adin da doka ta bayar na kai ka ƙara kotu a kan bashin.

Ka kuma nemi rahoton tarihin bashinka daga Equifax, Experian da TransUnion, manyan kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane. Idan ka ga kuskure, rubuta musu, galibi suna da kwana 30 na bincike, kuma yawancin munanan bayanai ana goge su bayan shekara 7.