Yadda ake binciken mutuwar ɗaurarre kafin a kai shi makwanci

Wayar takan shigo ne da asuba. Wani zai ce, "Yallaɓai, an kira mu, wai mu zo mu ɗauki gawar yaronmu." Na daɗe ina bin koken fursunoni da mutuwar mutane a hannun hukuma a nan birnin Kano, kuma duk sabon ma'aikacin da aka haɗa ni da shi, abin da nake fara gaya masa shi ne ya ajiye kofin shayin nan ya tari adaidaita. A garinmu wanda ya cika da asuba, kafin azahar an sallace shi. Haka addininmu ya koyar, ni ma haka nake so a yi mini. Sai dai ka sani sa'o'i kaɗan gare ka, ko a gidan yarin Kurmawa abin ya faru, ko a na Goron Dutse, ko a wani caji ofis na unguwa. Da zarar an mai da ƙasa, mafi yawan shaidarka ta tafi da shi.

Ka fara da dangi, kuma da ta'aziyya za ka fara, takarda ta zauna a aljihu. Nemi babban gidan ka durƙusa. "Baba, Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Alfarmar awa biyu nake roƙo kafin a yi masa sutura." Kusan kullum amsa ɗaya ce: kwanansa ne ya ƙare, mun bar wa Allah. Kada ka yi musu da wannan, gaskiya ya faɗa. Ni dai nakan ce, "Haka ne Baba, amma ɗakin da ya kwana akwai 'ya'yan wasu a ciki har yanzu." Sau da yawa a nan dattijo yake yin shiru ya ɗaga kai. Abin da suke tsoro shi ne a farke gawa, don haka ka bayyana musu cewa duba jiki daga waje daban, aikin likita na buɗe gawa daban, kuma kai ba ka da ikon yin na biyun.

In sun yarda, a fitar da shi inda hasken rana yake. Fatarmu tana ɓoye taruwar jini, tocilan kuma ruɗa ido take yi. A rufe al'aura, ɗan'uwansa na tsaye. Ka duba wuyan hannu don shatin ankwa, idon sawu don shatin mari, tafin ƙafa, gadon baya, bayan kunne, da cikin leɓe. Dukan sanda ko kulki yakan bar layi biyu a jere, tsakiyarsu fayau. Kowane tabo ka ajiye rula ko biro a gefensa kafin ka ɗauki hoto, don a san girmansa. Sannan ka taɓa muƙamuƙi da gwiwar hannu. Gawa takan fara sandarewa daga muƙamuƙi da wuya bayan 'yan sa'o'i, ta game jiki wajen awa 12, zafi kuma yana gaggauta ta. Wannan ba zai ba ka lokacin mutuwa daidai ba, amma in an ce maka awa ɗaya ke nan da rasuwarsa, ga shi kuwa ya sandare har ƙafa, ka samu tambayar da za ka yi. Na taɓa riƙe takardar da ta ce wani saurayi ya cika ne a gadon asibiti ana ba shi magani. Na je asibitin, wata nas ta buɗe mini rajista, layi ɗaya ne a kansa: an kawo shi ba rai.

In ka makara an riga an yi wanka, nemi wanda ya yi wankan. Ba wanda ya ga jikin nan kamarsa. Zai yi nauyin baki, domin an hori mai wankan gawa da ya rufa wa mamaci asiri. Ka ce masa, "Malam, raunin da wani ya yi masa ai ba aibinsa ba ne, haƙƙinsa ne." Ka bar shi ya yi tunani, kada ka matsa.

Daga nan sai gidan da aka tsare shi, a ranar, ba gobe ba. Ka nemi rajistar ƙofa, da ta ɗakin shan magani, da jerin waɗanda suka yi aikin dare, da takardar kotun da aka tsare shi da ita. Ka ɗauki hoton shafukan nan take, ka lura da layin da aka cusa tsakanin layi biyu ko inda tawada ta canza. In an ce ba ka da hurumi, ka yi magana a hankali, doka na bayanka. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta wajabta a binciki mutuwar ɗaurarre a kuma sanar da danginsa. Ƙa'idojin Nelson Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce, a ƙa'ida ta 71, a kai rahoton kowace mutuwa ga hukumar da ba ta ƙarƙashin masu gidan yarin. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da gana wa tsararre azaba laifi, ko da umarni aka ba mutum daga sama. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa kuma tana da ikon shiga wuraren tsare mutane. In caji ofis ne, ka lissafa kwanakin da ya yi, domin sashe na 35 na tsarin mulki kwana ɗaya ya bayar a kai mutum kotu in tana kusa.

Wurin da na fi ganin sababbi suna ɓarna shi ne hira da 'yan ɗakinsu. Sai mutum ya kira fursuna ɗaya tak, gandiroba na tsaye a bakin ƙofa, ya gama ya tafi gida ya kwanta, ya bar bawan Allah da waɗanda ya ba da shaida a kansu. Ka kira mutum goma ko fiye, ɗaya bayan ɗaya, kowa ka ba shi lokaci daidai da na ɗan'uwansa, har wanda ba shi da abin faɗa, don kada a gane wanda ya yi magana. Kada ka fara da "wa ya doke shi?" Ka tambayi wa ya kwana kusa da shi, yaushe ya daina cin gabza, wato abincin gidan yari, tun yaushe yake tari, sau nawa aka buga ƙofa cikin dare kafin a buɗe. A abin da idona ya gani, tarin fuka da cunkoso da zafin bazara da ƙofar da ba a buɗe da wuri ba sun fi sanda kisa, kuma wannan ma haƙƙi ne a wuyan wani. Gandiroban da ya kwana a bakin aiki shi ma ka zauna da shi, ka ji ko akwai mota a daren, ko makulli yana hannun wa. Wani lokaci shi ne ya fi kowa son a rubuta gaskiya.

A rahoto ka raba abu uku kada su cakuɗe: abin da ka gani, abin da aka gaya maka, da abin da takarda ta ce. Musabbabin mutuwa likita ne zai faɗa, majistare mai binciken mutuwa ya yanke. Sunan shaidu kada ya shiga kwafin da zai koma gidan da aka tsare shi.

Bayan mako ɗaya ka koma, ka sake neman mutum goman nan da sunayensu, ka ga kowa da idonka, ka tambaya in an canza wa wani ɗaki ko an kai shi wani gari. Daga can ka wuce gidan rasuwar, ka zauna a tabarma ka karanta wa Baba abin da ka rubuta da Hausa, tun daga farko har ƙarshe.